Tarihin Kwalta a Ƙasar Auduga

Ni mutumin ƙasar Malumfashi ne. Duk lokacin da na koma gida hutun damina nakan tarar hanya ta cika da ramuka, masu motoci sun ƙara kuɗi, ribar masarar babana ta tafi a wajen dako. Wannan ne ya sa na bi diddigin baƙin abin nan da ake shimfiɗa wa hanya.

Ita kalmar "kwalta" aro ce daga Turanci, asalinta kuwa wani baƙin mai ne mai danƙo da ake samu daga kwal. A 1902 wani Bature a Ingila, Edgar Hooley, ya yi rajistar dabarar cuɗa shi da kashin maƙera, watau dattin da ke fita wajen narka ƙarfe, don hanya ta yi ƙarko. A wannan shekara ce kuma aka kafa ƙungiyar auduga ta BCGA, wadda daga baya ta gina gidajen gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. Dogo ya ratsa Funtuwa har ya kai Ƙaura Namoda a 1929, aka yi ta share hanyoyin burji domin auduga ta isa tasha. A 1975 shirin bunƙasa noma na Funtuwa, da taimakon Bankin Duniya, ya ƙara buɗe hanyoyin ƙauyuka. Kwaltar yanzu daga ɗanyen man fetur ake samunta, amma tsohon sunan bai bar bakinmu ba.

To, me ke riƙe ta? Abu uku ake haɗawa: tsakuwa, da kwalta, da wani gari mai laushi ƙwarai, na dutse ko siminti ko farar ƙasa. Garin nan shi ke cike 'yan kafofin da ke tsakanin tsakuwa, ya ƙarfafa kwaltar don kada ta yi laushi a zafin bazara tayar babbar mota ta kwarɓe ta. Farar ƙasa kuma takan sa kwalta ta manne wa dutse, ruwa ya kasa raba su. In aka rage shi, da ruwa ya shiga, sai rami.

'Yan'uwana ɗalibai, wannan hikima ba baƙuwa ba ce gare mu. Maginanmu na dā ba su yaɓe soro da ƙasa zalla ba, sai sun haɗa laso da katsi na marina da gashin jima da dafara. Mata ma sukan zuba makuba in za su yi daɓe. Sun san ƙarkon aiki yana ga ɗan mahaɗin da ido bai cika gani ba.

Saboda haka, in an zo gyaran hanyar garinku, kada baƙinta da santsinta su ruɗe ku. Ku tambayi injiniya abin da aka zuba a ciki, domin manomi ne zai biya in damina ta tona asiri.