Dillalan Zane da Hanyar Khartoum Zuwa Ibadan

Mu mutanen Makwar da Mai Wurno da ke Sudan mun saba jin labarin tafiya daga yamma zuwa gabas. Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, suka yada zango a gaɓar kogin Nilu tare da Muhammadu Bello Mai Wurno. Wasu sun biyo baya, suka yi ƙodago a madatsar ruwan Makwar da aka gama a 1925, suka ɗebi auduga a gonakin Jazira. Amma akwai wata tafiya da ta nufi yamma, ita ce ta zanen Ibrahim El-Salahi, kuma ina ganin ya kamata 'ya'yanmu su san ta.

An haifi Salahi a Omdurman a 1930, a gidan malami mai makarantar allo. Ya yi karatun zane a makarantar Slade da ke Landan, ya dawo gida a 1957 da salon Turawa a hannunsa. Da ya baje aikinsa a Khartoum, jama'a suka zo suka duba, suka tafi ba tare da abin ya shiga ransu ba. Wannan ya sa ya koma ga abin da ya tashi a cikinsa: harafin Larabci, allo da tawada, adon ƙwarya da na faifai, launin ƙasar Omdurman. Daga nan salon da ake kira Makarantar Khartoum ya tsiro, tare da irin su Ahmed Shibrain da Kamala Ibrahim Ishaq.

Sai dai kyan kaya ba ya kai shi kasuwa da kansa. Duk wanda ya taɓa kai riɗi ko shanu kasuwa ya san aikin dillali: shi ya san mai saye, shi ke tsaya wa baƙo, shi ke faɗin daraja kafin a yi tayi. Wanda ya yi wa Salahi wannan aiki shi ne Ulli Beier, Bajamushe mazaunin Najeriya, wanda ya kafa mujallar Black Orpheus a 1957. A 1961 shi da su Wole Soyinka da Chinua Achebe suka buɗe kulob ɗin Mbari a Ibadan, wurin baje zane da buga littattafai. Mbari ta nuna aikin Salahi, ta buga ɗan littafin zanensa, Beier kuma ya yi rubutu a kansa. A can Salahi ya haɗu da tsaransa irin su Uche Okeke da Demas Nwoko, waɗanda suka fito daga kwalejin Zariya da irin damuwarsa, wato yadda za a yi zanen zamani da kayan gida.

Abin da ya fi burge ni shi ne Beier bai tsaya ga ciniki ba. Ya ba matashi bango, ya ba shi takarda, ya haɗa shi da mutane. Cikin 'yan shekaru gidan adana zane na MoMA a New York ya mallaki hotonsa mai suna Masallaci, wanda ya zana a 1964. Ɗaurin wata shida da gwamnatin Numeiri ta yi masa a kurkukun Kober a 1975 bai shafe sunansa ba, domin ya riga ya ƙetare iyaka. A 2013 Tate Modern ta Landan ta baje aikin rayuwarsa, karo na farko da ta yi wa ɗan Afirka haka.

Haka aka yi da Ladi Kwali, mai ginin tukwane a Najeriya. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara tukwanenta, Michael Cardew mai koyar da ginin tukwane ya gan su, ta shiga cibiyarsa ta Abuja a 1954, sannan shagon Berkeley Galleries na Landan ya baje kayan Abuja a 1958 da 1959 da 1962. Yau hotonta ne a kan Naira 20.

A ƙauyukanmu akwai masu zayyanar allo, da masu ɗinkin hula, da mata masu saƙa faifai, da samari masu zane a bangon shago. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa masu zanen Khartoum zuwa Alƙahira da Nairobi, ya rufe 'yan wuraren da ake baje aiki. Saboda haka ina kira ga attajiranmu da 'yan'uwanmu na Kano da Jidda: ku sayi aikin yaran nan da darajarsa, ku rubuta sunan mai shi a jiki, ku kai shi inda za a gani, ku karɓi la'adarku ta halal.