Just Stop Oil: ƙungiyar da ta raba kan 'yan Birtaniya

Just Stop Oil ƙungiya ce da aka kafa a Birtaniya a 2022 domin tilasta wa gwamnati daina bayar da sabbin lasisin haƙar mai da iskar gas. Ta yi suna wajen tare manyan hanyoyi, irin su M25 da ta kewaye Landan. Matafiya sun fusata, kuma binciken YouGov a 2023 ya nuna akasarin jama'a ba sa tare da ita, duk da damuwarsu kan sauyin yanayi. Wannan fushi ya share wa gwamnati fagen tsaurara dokar zanga-zanga. A 2024 kotu ta yanke wa jigonta Roger Hallam ɗaurin shekara 5, hukuncin da masu kare haƙƙin ɗan Adam suka ce ya wuce gona da iri.