Gujranwala: Sarautar Sikh ce ta Gina Arzikin, ko Gonar Shinkafa?

Akwai ra'ayin da ya samu gindin zama a rubuce-rubucen da ake yi kan Gujranwala, birnin da ke arewa da Lahore a lardin Punjab na Pakistan, cewa arzikinsa na yau gado ne daga zamanin sarautar mabiya addinin Sikh. A ganina, an haɗa 'ya'yan da ba uwa ɗaya ta haifa ba.

Tarihin sananne ne. Charat Singh, wani jagoran Sikh, ya kafa sansaninsa a nan a tsakiyar ƙarni na 18. Jikansa Ranjit Singh, wanda akasarin masana ke cewa a nan aka haife shi a 1780, ya ci Lahore a 1799, sannan Ingila ta haɗiye Punjab a 1849. A zamanin daular Mughal, Eminabad da ke kusa ita ce mai suna, Gujranwala kuwa ƙaramin zango ce a bakin hanya. Saboda haka ban musa cewa sarakunan Sikh ne suka mai da ita gari ba. Ginin tunawa da Maha Singh, mahaifin Ranjit Singh, a lambun Sheranwala shaida ne, haka ma sunan Hari Singh Nalwa, jarumin yaƙin da garin ya haifa.

Inda muka raba hanya shi ne batun sana'a. Hujjar masu wancan ra'ayi mafi ƙarfi ita ce ta maƙera: rundunar yaƙi tana buƙatar takubba da bindigogi, don haka maƙera suka taru, jikokinsu ne yau ke ƙera fanka da injin wanki. Zancen yana da daɗin ji. Sai dai fada ta koma Lahore tun 1799, kuma can aka riƙa zuba igwa. Garin da sarki ya bar wa dangi da hakimai, da wuya a ce shi ne cibiyar makamai. Za su ce ai a zamanin Turawa an san Gujranwala da tukwanen tagulla da akwatunan ƙarfe na ajiyar kuɗi. Gaskiya ne, kuma wannan ya tilasta mini rage faɗin da'awata: ƙira ta daɗe a garin. Amma daɗewar sana'a daban, abin da ya buɗe mata kasuwa daban.

Kasuwar, a iya abin da hujja ta nuna, daga gona ta fito. A 1912 aka buɗe babbar magudanar ban-ruwa da ke ɗebo ruwan kogin Chenab daga Marala. Ƙasar yankin mai laka ce, tana riƙe ruwa, irin wadda shinkafa ke so. A 1933 cibiyar bincike ta Kala Shah Kaku ta fitar da irin shinkafa na Basmati 370. Manomi ya samu amfanin gona biyu, alkama da sanyi, shinkafa da damina. A shekarun 1960 ya fara haƙa rijiyar burtsatse a gonarsa, kuma ƙananan rumfunan ƙira na Gujranwala da Daska ne suka riƙa haɗa masa injin dizal da famfo. Wanda ya iya naɗa wayar motar famfo, fanka ba za ta gagare shi ba.

Ga kuma 1947, wadda masu wancan ra'ayi ke wucewa da sauri. A shekarar, 'yan Sikh da 'yan Hindu, waɗanda ke riƙe da yawancin jari da fatauci, suka tsallaka Indiya, Musulmi 'yan gudun hijira daga Amritsar da Ludhiana da sauran garuruwan gabas suka maye gurbinsu. Duk mai cewa sana'ar ta gangaro daga zamanin Ranjit Singh ba yankewa, sai ya nuna mana a hannun waɗanne iyalai ta tsallake wannan shekara.