Raihan: Suna Ɗaya, Tsirrai Dabam-Dabam

Kalmar raihan ta zo sau biyu cikin Alƙur'ani mai girma, watau a Suratur Rahman aya ta 12, da Suratul Waƙi'a aya ta 89. Tushenta ɗaya da kalmomin Larabci masu nufin iska da ƙamshi, saboda haka tun asali duk wani ganye mai daɗin ƙamshi raihan ne. Wasu magabatan masu tafsiri ma sun fassara ta da arziki.

Da zamani ya yi nisa sai kowace ƙasa ta keɓe sunan ga tsiron da ta fi sani. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu cikin 1350, ya bayyana a Zadul Ma'ad cewa mutanen Magrib suna nufin as, wani ɗan itace mai kore rani da damina, mutanen Iraƙi da Sham kuwa suna nufin habaƙ, ɗan'uwan ɗaɗɗoyarmu. Waɗannan biyu ko dangi ba su haɗa ba. Cikin 1753 Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, ya raɗa wa na farko Myrtus communis, na biyu Ocimum basilicum.

Harshen Sifaniyanci ya adana shaidar wannan rabuwa, domin ya gaji sunayen biyu daga Larabawan Andalus. Suna ce wa as arrayán, habaƙ kuma albahaca, har wani tsakar gida a fadar Alhamra ta Garnaɗa yana ɗauke da sunan na farkon. Da Sifaniyawa suka ƙetara Amurka ta Kudu, sai suka liƙa arrayán ga waɗansu itatuwan can, irin su Luma apiculata na Chile da Ajantina. Turkawa da Farisawa kuwa bin Gabas suka yi.

Maganar ta wuce gardamar malaman lugga. Likitocin da sun yi amfani da as wajen tsai da gudawa. Ɗalibin da ya ci karo da raihan cikin littafin ɗibbu na Magrib, ya je bayan gida ya tsinko ɗaɗɗoya, ya saɓa wa mawallafin ba da saninsa ba. Littattafai kuwa sun shigo ƙasar Hausa ta hanyoyin biyu, ta Magrib da ta Masar, don haka wajibi ne a san garin mawallafi kafin a fassara tsironsa.