Daga Bariki Zuwa Tsakar Gida: Yadda Turanci Ya Iske Mu

'Yar'uwa mai karatu, bari in fara da ba ki labarin abin da ya sa na ɗauki biro a kan wannan magana. Wata shekara ɗana na biyu ya kwanta da zazzaɓi, na kai shi asibiti, aka ba mu magani a kwalba. An yi mini bayani da sauri, ga layi a bayana, ni kuma kunya ta hana ni in ce ban gane ba. Da na dawo gida nan Rigachikun maigida ba ya gari. A jikin kwalbar an rubuta "twice daily". Na juya ta, na sake juyawa, sai na ce ai magani sau uku ake sha, safe da rana da dare. Kwana biyu ina ɗura wa yaro fiye da ƙima, har sai da wata maƙwabciyata malamar firamare ta leƙo ta duba, ta dafe ƙirji ta ce, "Maman yara, sau biyu fa aka ce!" Allah Ya kiyaye, yaro ya warke. Amma daren nan ban runtsa ba. Kalmomi biyu kacal suka kusa jawo mini nadamar da ba ta da magani.

Tun daga ranar na shiga tambayar kaina, shin yaya aka yi wannan harshe ya shigo har cikin ɗakina, amma ni aka bar ni a baya?

Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Turancin da ya fara shiga bakin Bahaushe ta bariki ya bi, wurin sojoji da kuku da boyi da masinja. Daga nan muka sami soja da kofur da saje da samanja. Da titin jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, wanda ya ratsa ta wannan yanki namu zuwa Zariya, sai ga tasha da tikiti da fasinja da lebura. A 1917 aka dawo da hedkwatar Arewa Kaduna daga Zungeru, sai ofis da fayil da alawus suka biyo baya. Kasuwa ma ta kawo nata: kwabo, sisi, sule da fam, kuɗin da iyayenmu suka yi ciniki da su kafin zuwan naira a 1973. Duk waɗannan sunaye Turanci ne da harshenmu ya tauna ya mayar da su nasa.

To ki lura da wuraren nan da kyau: bariki, tasha, ofis, kanti. Duk wuraren maza ne. Haka makaranta ma. Makarantar da Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 ta 'ya'ya maza ce. Sai a 1930 gwamnati ta buɗe makarantun 'yan mata a Kano da Katsina, su ma 'yan ƙalilan ne suka shiga, yawanci daga gidajen sarauta. Iyaye na tsoron boko, kuma tsoronsu na da dalili, don wanda ya ci ka da yaƙi ba ka saurin miƙa masa 'yarka.

Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya a 1939, Malam Abubakar Imam na editanta. A shekarun 1950 aka yi gangamin Yaƙi Da Jahilci, manya suka koyi karatu da rubutu da Hausar boko. Alheri ne babba, sai dai takardar asibiti da ta kotu da ta banki duk suka ci gaba da zuwa da Turanci. A 1976 aka ƙaddamar da shirin firamare kyauta na UPE, a wannan shekarar kuma aka kafa cibiyar horar da malamai ta ƙasa, NTI, wadda hedkwatarta ke nan Rigachikun a kan hanyar Zariya. Abin da ke ba ni mamaki ke nan. Daga garinmu ake tura darussa ga malamai a duk faɗin Nijeriya, amma ga ni a bayan katanga na kasa karanta kwalbar magani. Ni a aji huɗu aka cire ni, kuma irina muna da yawa.

Maƙwabciyar nan tawa ita ta fara koya mini, da la'asar idan mun gama aiki. Ranar farko ta ce in lissafa kayan gidana. Na ce bokiti, faranti, kofi, tebur, kananzir, burodi, firji. Ta yi dariya ta ce, "Ai kin iya Turanci, ba ki sani ba ne kawai." Wallahi maganar nan ta cire mini rabin tsoro. Daga nan muka bi abin da rayuwa ke buƙata. Sati ɗaya kalmomin asibiti: sau nawa, kafin abinci, bayan abinci, ranar da magani ke lalacewa. Sati na gaba sunayen ranaku da watanni, don katin riga-kafi. Sai sakamakon jarrabawar yara, sai saƙon banki da ke shigowa waya. Kalma biyar a rana nake rubutawa a bayan tsohon littafin 'yata, ina maimaitawa ina tankaɗe. Yara sun yi mini dariya, na ce ku yi, ai da rarrafe kuka fara ku ma.

Kada wata ta ce miki neman ilimi baƙon abu ne ga macen Arewa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, ta kuma tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata 'yan taru. Harshe uku ta riƙe, bai rage mata addini ko mutunci ba. Ni ma koyon Turanci bai hana ni Islamiyya ba, Hausata kuma tana nan daram, da ita nake rubuto miki.

Shawarata gare ki 'yar'uwa, ki nemi izinin maigida ki shiga ajin manya idan akwai a unguwarku. In babu, 'yarki ta sakandare ma malama ce. Idan kuma likita ya yi miki bayani ba ki gane ba, ki tsaya ki ce ya maimaita da Hausa, ko layin ya kai bakin titi. Watan jiya jikata ta yi tari, uwarta ta miƙo mini kwalba, na sa tabarau na karanta mata da kaina.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya raya mana zuri'a, amin.