Anarcha, Betsey da Lucy: Matan da Tarihin Tiyata Ya Tsallake

Tsakanin 1845 da 1849, a birnin Montgomery na jihar Alabama a Amurka, wani likita mai suna James Marion Sims ya yi ta gwajin tiyata a jikin wasu bayi mata baƙar fata masu fama da yoyon fitsari. Ciwo ne da mu ma muka sani, wanda doguwar naƙuda ke bar wa mace. Uku kaɗai daga cikinsu sunayensu suka iso gare mu: Anarcha, Betsey da Lucy.

Anarcha tana da kimanin shekara 17 aka fara. Sau wajen 30 aka yi mata aiki ba tare da an kashe mata zafi ba, kafin ɗinkin zaren azurfa ya kama a 1849. Masu kāre Sims suna cewa maganin sa barci bai yaɗu ba tukuna, tunda sai a 1846 aka fara nuna aikinsa a Boston. Amma izinin aikin daga iyayengijin matan ya fito, domin baiwa ba ta da ikon cewa a'a.

Sims ya yi suna, har aka laƙaba masa uban likitancin mata. A 1894 aka kafa masa mutum-mutumi a New York. Daga baya mai zane Robert Thom ya zana shi tsaye cikin kwat, ɗaya daga cikin matan na durƙushe a kan tebur cikin natsuwa, mata biyu suna leƙe ta bayan labule. Babu jini, babu hawaye. Da irin wannan hoto aka daɗe ana ba da labarin.

Bayan doguwar zanga-zanga, aka sauke mutum-mutumin na New York a watan Afrilun 2018. A watan Satumbar 2021 kuma Michelle Browder, 'yar Montgomery, ta ƙaddamar da nata aikin: siffofin matan uku, waɗanda ta ƙera da tsofaffin ƙarafan da aka yar. Ta Anarcha ta kai ƙafa 15, da rami a mararta. Wannan karon a tsaye suke, kuma sai mutum ya ɗaga kai zai ga fuskokinsu. A birnin nan dai, mutum-mutumin Sims yana nan a harabar majalisar jihar.

Labarin bai yi mana nisa ba. A asibitin Babbar Ruga da ke Katsina har yau ana yi wa mata ɗinkin yoyon fitsari, kuma ɗaya daga cikin kayan duba mata da likitoci ke amfani da su sunan Sims yake ɗauke da shi. Mun gaji ilimin, muna kuma cin moriyarsa. Abin da ya rage mana shi ne mu riƙe sunayen waɗanda aka koya shi a jikinsu, mu kuma tabbatar duk macen da za a kwantar a gadon tiyata an yi mata bayani, an ji ta bakinta.