Tattakin siyasa: jikinka ne zai biya

Jama'a, kafin 'yan tattaki su sake fitowa, mu tuna baya. A watan Afrilun 2015 Sulaiman Hashimu ya taka daga Legas zuwa Abuja cikin kwana 18 don murnar nasarar Buhari, sai abin ya zama yayi. Wani mutumin Dukku ma ya taka daga Gombe zuwa Abuja. Ciwon ƙafa ya bi shi har 2020, lokacin da gwamnan Gombe ya tallafa masa da mota da kuɗi.

Ko 'yan gudun nan uku da suka ratsa Sahara daga Senegal zuwa Masar, ta Nijar, cikin kwana 111 tsakanin 2006 da 2007, da likita da motoci suka tafi. Dalili? In jiki ya jigata kwana da kwanaki, tsoka takan lalace, fitsari ya koma kalar shayi, ƙoda ta iya tsayawa. Rashin barci kuwa har gane-gane yake sa mutum.

Matasanmu na Gwandu da Kalgo, a zafin bazararmu da ke haura digiri 40, wa zai biya muku kuɗin wankin ƙoda? Ɗan siyasa dai hoto zai ɗauka da ku, ya shige motarsa.